Rufin Ɗakin Inna Asta

A Masanawa, idan baƙo ya tambayi gidan Baba Datti, ba a shan wahalar kwatance. Sai a ce ya ɗaga kai, rufin da ya ga duwatsu sun yi masa yawa, nan ne.

Baba Datti manomi ne, da rani kuma yana tufka igiya a ƙofar gida. Nan nake zama wurinsa da yamma, domin yana son a saurare shi, ni kuma saurare ba ya gundurata. Ba ya ƙirga shekaru irin na makaranta. A wurinsa akwai shekarar da fari ya hana gero fitar da kai, da shekarar ƙanƙara, da shekarar da kwanon ɗakin matarsa, Inna Asta, ya tashi.

"Wane tashin, Baba?" na tambaye shi, domin ba sau ɗaya ba ne.

"Na Madadi mana. Can ƙauyen nan mai nisa aka tsince shi, har wani ya rufa akurkin kaji."

Daga cikin gida Inna Asta ta ce, "Malam, ka ji tsoron Allah. A gonar abokinka Hambali ya faɗi, ga ta nan bayan gida."

"Iskar dai Madadi ta nufa," in ji shi.

Duk farkon damina iska takan taso daga gabas kafin ruwa, kuma a unguwarmu kowa yana ɗora ɗan dutse ko tsohuwar taya a kan kwano. Baba Datti ya wuce nan. Duk lokacin da iska ta ci shi, sai ya ƙara kaya. Ya ɗora bulo, ya ɗora fasasshen turmi, har dutsen niƙan mahaifiyarsa ya hau.

Abin ya tsananta ne bayan tashin ƙarshe, ranar da Inna Asta ta ce, "Idan na sake hango sama daga kan gadona, Gwarzo zan koma wurin yaron nan." Ɗansu Musbahu take nufi, wanda yake koyarwa a can, ya kuma daɗe yana roƙon ta koma gidansa. Baba Datti ya ce shi ko a jikinsa, furar safe kawai yake tunani. Amma a makon nan jakin Hambali bai huta da jigilar duwatsu ba.

Sai dai damina ta sauya hali. Ruwan da a da ake fita roƙonsa, yanzu idan Agusta ta yi sai ya zuba kamar da bakin ƙwarya, ya kwanta a gindin katanga. Maƙwabta suka shiga haƙa magudana, suna shafe gindin bango da siminti. Hambali, wanda abokinsa ne tun suna yara, ya ce masa, "Datti, kana ta gadin sama, ɓarawon yanzu ta ƙasa yake shigowa."

"Ruwa ɗan'uwa ne," in ji Baba Datti. "Iska ce ba ta da mutunci."

Bara aka yi kwanaki ana ruwa ba ɗaukewa. Wata safiya Inna Asta tana madafi tana dama koko, sai aka ji wani nishi kamar saniya za ta kwanta. Bangon ƙasa ya jiƙa, ya kasa ɗaukar nauyin da ke kansa. Rufin ya sauko gaba ɗaya da kayansa, ya danne gado da kwanukan jere. Allah ya tsare, ba kowa a ciki.

Muka taru jaje. Baba Datti ya zagaya wurin a hankali, ya raɗa wa Hambali, "Ka dai ga ko ƙusa ɗaya ba ta cire ba."

"Na gani. Ka je ka faɗa wa Asta, za ta ji daɗi."

Bai je ba. Kafin azahar Musbahu ya iso da motar aro. Inna Asta ta ƙulle abin da ya tsira a zani, aka sa a mota. Baba Datti ya zauna a zaure da igiyarsa, yana tufka wani wurin yana warwarewa. Ta zo fita ta tsaya a kansa.

"Malam, ka karya kuwa?"

"Ba na jin yunwa."

Ta juya wurin ɗanta. "Sauke kayan nan. Idan na tafi, gobe zai kwashe duwatsun ya ɗora a kan nasa ɗakin, a zo a same ni da labari."

Ranar ta tare a ɗakin Baba Datti, shi kuma aka shimfiɗa masa tabarma a zaure har a gama sabon gini na bulo. Yana nan yana kwana tare da keke da buhunan taki. Ya ce mini wurin akwai sauro, amma da asuba yana jiyo luguden Inna Asta, kuma hakan ya wadatar.