Tsohuwar da Ta Koya Mini Ɗaurin Dirka

A garin Tanut na tashi, cikin gidan ƙasa, kuma har aka kai ni ɗakin miji ban taɓa ɗaure itace biyu wuri guda ba. Babana tela ne, ƙullin da na sani shi ne na bakin zare. Na yi lakwal, wato makarantar boko, shekara shida, na iya rubuta wasiƙa, da wannan nake taƙama lokacin da aure ya kai ni wani ƙauye yamma da Gangara.

Shekarar farko, da aka gama yankan gero, maigidana ya tafi Agadas cin rani. Ya bar ni da uwarsa, wadda ciwon ƙafa ya riga ya hana ta fita. Rumbunmu yana can gona, nesa da gari, ni ke zuwa in yi sussuka in ɗauko a jaki. Gonar ba ta da inuwa sai wata ƴar aduwa, ga ni da ciki wata shida. Sai na ce bari in yi wa kaina rumfa.

Na samo dirkoki huɗu, na haƙa ramuka na kafa su, na gicciya sandunan tumfafiya, na ɗaure da tsumman tsohon zane, ƙulli bisa ƙulli har yatsuna suka yi ja. Na shimfiɗa kara a sama. Kwana biyu ta yi a tsaye. Rana ta uku ina zaune ina shan fura, wata akuya ta zo ta sosa jikinta da dirka guda, rumfar ta karkace a hankali ta kwanta a kaina. Ban ji ciwo ba, amma ƙwaryar ta kife. Na zauna cikin kara ina kuka, kukan da ba na fura kaɗai ba ne.

Kowace kaka wasu Buzaye kan sauka a gefen gonarmu da raƙuma da awaki, dabbobinsu su ci kara su bar mana taki. Tun zamanin kakan maigidana haka ake yi. Akuyar tasu ce, kuma wadda ta biyo ta wata tsohuwa ce doguwa, siririya, shunin mayafinta ya rina mata hannu. Ta ɗage karan daga kaina, ta dubi cikina, ta tabbatar ba abin da ya same ni. Sannan ta tsuguna tana juya ƙullin da na yi.

"Wa ya yi wannan?"

"Ni ce, Inna."

"Fushi kike yi da itacen?"

Hausarta ba yawa, amma wadda take da ita ta ishe ta. Ta koma bukkarta ta dawo da igiyar kaba, ta jiƙa ta da ruwan da na zo da shi. Muka sake kafa dirkokin, ta sa na zurfafa ramukan har hannuna ya shige zuwa gwiwa. Ta zarga igiyar a jikin dirka, ƙasa da mahaɗa kaɗan. Ta bi ta kan sandar da ke gicciye, ta zagaya bayan dirka, ta dawo ta ɗaya gefen, sau uku, kowane zagaye kwance kusa da ɗan'uwansa, ba mai hawan wani. Na ɗauka an gama. Sai ta cusa igiyar tsakanin itatuwan biyu, ta zagaye ɗaurin kansa sau biyu, ta taka dirka da ƙafa ta ja har na ji kabar ta yi ƙara. Wannan ta ce shi ne ɗamara, kuma ɗaurin da ba a yi masa ɗamara ba wasan yara ne. Bakin igiyar ba ta ƙulle shi ba, sokawa ta yi ƙarƙashin zagayen ƙarshe. Su masu tashi ne, in ji ta, in mace ta yi ɗaurin da sai da wuƙa za a kwance, kowane zango sai ta tufka sabuwar igiya.

Ta ja bakin igiyar sau ɗaya, komai ya warware, ta miƙa mini. Har la'asar ina yi tana kwancewa. In na bar zagaye ya hau wani, sai ta ɗan buge mini bayan hannu da yatsu biyu, ba tare da ta dube ni ba. Da muka gama ta rataya jikinta a sandar sama, ƙafafunta suka bar ƙasa, rumfar ba ta motsa ba. Ranar na fara ganin dariyarta.

Daga nan muka saba. Ta kan kawo mini cuku da madarar raƙumi, ni in kai mata garin gero da kuka. Da suka dawo kakar da ta biyo baya, kafin ta sauke kaya ta aiko a kawo mata jaririyar da na haifa. Ta koya mini haɗa kan sanduna uku in buɗe ƙafafunsu, in rataya salkar ruwa iska na bugunta ta yi sanyi. Ta nuna mini tufka a cinya, da yadda ake gane kabar da ta tsufa ta hanyar lanƙwasa ta kusa da kunne.

Da damina mukan tare a gona mu yi makonni muna noma. Wata shekara hadari ya taso da azahar, iska ta kwashe bukkokin maƙwabta biyu, tamu ta tsaya. Maza suka zo suna taɓa ɗaurin suna yaba wa maigidana. Ya yi ta shafa gemu har suka kusa tafiya, sannan ya ce musu gaskiya aikin maiɗakinsa ne. Bayan haka matan ƙauye suka riƙa kirana in za a kafa rumfar biki ko ta suna.

Shekara goma sha ɗaya muna haka. A ta goma sha biyu suka sauka kamar kullum, amma kwana biyu ina hangen wurinsu ban ga bukkarta ta tashi ba. Na je. Na same ta zaune ƙarƙashin wani tamfol da aka maƙala a ƙaya, itatuwan bukka da tabarmi jibge a gefe. Ɗiyarta ta yi aure ta bi mijinta arewa, matar ɗanta kuma ta tafi gidan iyayenta haihuwa. A wurinsu bukka ta mace ce, namiji ba ya kafa ta. Ta ce mini hutawa take yi. Amma na ga hannunta da ta karɓi ƙwaryar da na kawo: yatsun sun kumbura sun lanƙwashe, kuma yanar ido ta fara rufe mata gani.

Na san in na ce na zo taimako ba za ta yarda ba. Sai na ce mata tun da daɗewa nake son in koyi kafa irin tasu mai baka, ko za ta nuna mini yau.

Ta juyo da fuskarta wajen muryata.

"Ƙarya kike yi, ɗiyata," ta ce. "To, ɗauko dogayen nan biyu."

Yini guda muka yi. Ita tana zaune tana faɗa, ni ina kafawa. Bakunan na saiwar ƙaya ne da aka lanƙwasa tun tana amarya, sun yi santsi kamar an shafa musu mai. Kowane ɗauri na gama, sai in kama hannunta in ɗora a kai, ta bi zagayen da yatsa ɗaya bayan ɗaya. Sau ɗaya ta ce in kwance, ɗamarar ta yi sako-sako. Na duba, gaskiyarta ce. Da muka rufa tabarmi ta rarrafa ta shiga, ta kwanta a gadonta, ta ce in zauna kusa da ita in sha iska kafin in tafi. Ta riƙe gefen zanena, barci ya ɗauke ta a haka. Na jira har ta saki da kanta.

Ba su ƙara sauka gonarmu ba. Bayan shekara biyu maigidana ya haɗu da ɗanta a kasuwar Belbeji, ya ce tana nan da rai, ba ta iya hawan raƙumi ne, sun zaunar da ita kusa da wata rijiya tare da jikokinta. Na matsa wa maigidana har ya ɗauke ni a moto, wato babur, da ƙunshin shayi da sukari da tiya biyu ta gero. Muka sha yashi, sau biyu ina sauka ina turawa.

Ido ya tafi gaba ɗaya, amma ina yin sallama ta gane ni. Ta tambayi ƴaƴana ɗaya bayan ɗaya, ta tambayi uwar mijina, na ce mata Allah ya yi mata rasuwa bara, ta yi mata addu'a. Jikarta ta dafa shayi. Maigidana yana ta duban rana saboda hanya, ita kuwa ta ce ba mai tashi sai an sha zubi na uku, kamar yadda al'adarsu take. Muka zauna muka sha.