Ƙyauren Goggo Ranar Sallah

Ƙamshin dankalin Hausa da kirfa ne ya tarye ni tun daga bakin lif, wani yammacin Disamba a shekarar korona, a gidan da muke haya a unguwar Al Nahda, can ƙasar Larabawa. Abokiyar zamana ce ta gasa kek ɗinsa. Baƙar Ba'amurkiya ce, malamar makaranta, mai yawan dariya kamar ba ta san damuwa ba. Kirsimeti ya zo, ba halin zuwa gida, ga shi cutar ta ɗauke mahaifiyarta watannin baya. Ta gasa abin da uwar ke gasawa, ko ɗanɗanawa ba ta yi ba, ta shige ɗaki ta rufe.

Ina ganin ƙofar nan na tsaya, don na san irinta.

A gidanmu na ƙauye, Goggo, yayar babanmu, ita ke yi wa 'yan matan gida lalle ranar jajibiri. Za ta jera mu a tabarma a gindin darbejiya, tana ƙunsa mana ƙafa da ganye da tsumma, tana tsokanar masu kaushi. Amma gari na wayewa, ana ta soye-soye, sai ta ja ƙyaurenta. Ɗanta tilo rafi ya ci ranar wata Sallah, tun ba a haife ni ba.

Manya suka ce halinta ne. Kakarmu kan ce, "Ku ƙyale ta, kar ku fama mata miki." Wasu a ɓoye su ce ƙarancin tawakkali, wasu su ce iska, a nemo hayaƙi da rubutu. Tuwon Sallah kuwa a bakin ƙofa ake ajiye mata, a yi sallama a juya. Da la'asar a ɗauke kwanon, miya ta daskare. Kada ka ɗauka mugunta ce, wallahi kara ake yi mata. Da karar nan aka bar ta ita kaɗai, har rufe ƙofa ya wuce Sallah ya zama na kullum. Ta rame, ta tafi.

Na yanka kek ɗin na sa a faranti. Har na sunkuya zan ajiye a bakin ƙofar abokiyar zamana, sai na miƙe na ƙwanƙwasa, na shiga ban jira izini ba.

Tana kwance, labule a sake. Na zauna a ƙasa kusa da gadon. Can ta ce, "A wajenmu cewa ake baƙar mace ba ta karyewa, ki yi addu'a ki tashi. Addu'ar ina yi. Likita ya ce ciwo ne, yana da magani. Ni ce na daina zuwa."

"Gobe tare za mu je," na ce mata. "Yalla, tashi ki ci."

Ta ci kaɗan tana kuka.

Yanzu ko a gida ana maganar ciwon damuwa a rediyo, yara ma sun san sunansa. Ni dai duk Sallah in na ƙunsa lalle sai zuciyata ta karye. Babu yarinyar gidan nan da Goggo ba ta riƙe ƙafarta ba, amma ba wanda ya taɓa tura ƙyaurenta ya shiga.