Inda Kaka Take Tsayawa

Ran Asabar da ta wuce na tsaya a bakin titi a Kwali zan sayi randa. Matar da ke sayarwa ta ɗaga guda, ta ƙwanƙwasa gefenta da bayan yatsa don in ji ba ta da tsaga. Wannan ƙarar ce ta mai da ni tsakar gidanmu, ina 'yar shekara goma, ina zaune a kan kujera 'yar tsugunno ina ƙoƙarin zama malamar tsohuwa.

Kaka, mahaifiyar babana, ginin tukwane take yi. Da rani take ɗebo yumɓu daga rami, ta ɗoro shi a kafaɗa kamar yadda matanmu na Gbagyi suke ɗaukar kaya, ta jiƙa shi ya kwana, ta tattake shi da ƙafa. Idan za ta yi gini sai ta kifa tsohon turmi ta ɗora curin a kai. Tukunyar ba ta juyawa, Kaka ce take zagaya ta da baya da baya, hannu ɗaya a ciki ɗaya a waje. Tana zagayen nan bakinta bai taɓa yin shiru ba. Da farko na ɗauka da tukunyar take magana. Daga baya na zaci da marigayi kakana ne. Ranar da abin ya ishe ni na tambaye ta, ta ce mini da Allah take.

Na yi mamaki ƙwarai. A makarantar Lahadi an koya mana a rufe ido, a haɗa hannu, a yi addu'a da Hausa. Ni a ƙuruciyata na ɗauka Allah ma ya fi jin Hausa, tunda da ita ake karatu da waƙa a coci. Ga Kaka kuwa ido buɗe, hannu duk laka, tana gaya masa da yarenmu cewa gwiwarta ta hana ta sakewa, akuya ta sake shiga dawa, kuma yumɓun bana yashi ya yi masa yawa. Nakan laɓe bayan rumbu ina sauraro, ina jira in ji ko za a amsa mata.

Ita ce ta ƙarshe a gidanmu da ta fara zuwa coci, kuma a wannan shekarar ta ce tana son a yi mata baftisma. A garinmu sau ɗaya ake yi a shekara, a rafi, kafin ruwan fari ya sauka. Kafin ranar, dattawan ikilisiya sukan kira masu neman baftisma ɗaya bayan ɗaya, kowa ya faɗi Addu'ar Ubangiji da ka. Wanda ya kasa, sai baɗi. Da yake ni ce gwanar hadda a ajinmu, kuma ban ɓoye wa kowa hakan ba, babana ya ɗora mini aikin koya mata.

Ban taɓa ganin ɗaliba mai gardama irinta ba. Ba ta yarda ta maimaita abu sai ta san me take faɗa. Kowane layi sai na fassara mata, ta jinjina shi, wani lokaci har ta ƙara nata. Wurin roƙon abincin yini ta ce tuwo dai akwai, bari ta yi masa maganar miya. Duk da haka cikin sati biyu ta riƙe rabin addu'ar tsaf. Amma da mun iso wurin da mutum yake roƙon a yafe masa kamar yadda shi ma yake yafe wa waɗanda suka yi masa laifi, sai ta yi shiru. In faɗa, ta ci gaba da murza bakin tukunya. In sake faɗa da ƙarfi, ta ce, "Malama, je ki sha ruwa, muryarki ta dushe."

Na ɗauka tsufa ne. Na rera mata layin kamar waƙa, na yanka mata shi guntu-guntu, duk a banza.

Ranar da dattawa suka kira ta, na tsaya a bakin taga ina leƙe. Ta fara da kyau, har fasto yana gyaɗa kai. Ta iso wurin nan ta tsaya cak. Wani dattijo ya raɗa mata kalmar farko. Fasto ya ce, "Mama, kada ki ji tsoro, a hankali." Ta dube shi ta ce da Hausarta ta kasuwa, "Wannan wuri, ban kai shi ba tukuna." Suka ɗauka karatun take nufi, suka ce ta dawo baɗi.

A hanyar gida na yi kuka, kuma gaskiya ba don ita ba, don kunyar da na sha ne. Na ce mata ta ba ni kunya, layi ɗaya tak ya gagare ta. Ta bari na gama, sannan ta faɗi layin daga farko har ƙarshe, ba tuntuɓe ko ɗaya. Na tsaya baki buɗe.

"Ba mantawa na yi ba," ta ce. "Yana jina. Wanda nake hira da shi kullum, yau in tsaya gabansa in yi masa ƙarya?"

A ranar na san labarin. Ƙanwar kakana, wadda gidanta yake hayin rafi, ta taɓa kora shanu ta wurin da Kaka ta jera ɗanyun tukwane suna shan iska, aikin rani guda ya koma ƙasa, kuma ba ta taɓa cewa a yi haƙuri ba. Tun kafin a haife ni ita da Kaka ba sa ga-maciji. Kaka ta san ba ta yafe ba, don haka ba za ta ce ta yafe ba.

Muka je rafi muka kalli baftismar wasu. Duk daminar nan, idan na laɓe, nakan ji Kaka tana gaya wa Allah, "Har yau da saura. In na tuna, wuyana ne yake ɗaci. Kai ka san yadda za ka yi da ni." Sai bayan girbi, wata safiya, ta saɓa sabon tulu a kafaɗa ta haye rafi. Abin da suka faɗa wa juna ban sani ba, na tambaya ta ce ba na yara ba ne. Da shekara ta zagayo ta faɗi addu'ar gaban dattawa har amin, kuma ƙanwar kakan nawa ce ta riƙe mata zane a bakin ruwa.

Yanzu ina zuwa wani babban coci a cikin Abuja, inda ake haska kalmomin addu'ar a bango, mu karanta ta tare cikin numfashi uku. Na yi shekaru ina bin ta haka, ina kuma mamakin me ya sa nake jin Allah nesa da ni, ni da na iya ayoyi da ka tun ban iya ɗaura zane ba. Sai wata Lahadi a bara bakina ya ƙi motsi a wurin layin yafiyar nan. Yayana ne ya faɗo mini a rai, wanda rabon da mu gaisa tun maganar da ya gaya mini ranar jana'izar babanmu. Jama'a suka wuce da addu'ar suka bar ni a tsaye, kuma a cikin shirun nan ne na fara jin cewa lallai akwai mai saurarona.

Tun daga ranar ban sake faɗin layin ba. Kowace safiya ina gaya wa Allah gaskiya, cewa da saura. Yayana yana zaune a Orozo, tafiyar da ba ta kai awa biyu ba. Na san motar da zan hau, na san kwanar gidan. Jiya na gaya wa Allah cewa ina jin wannan satin zan iya, amma kada ya bar ni in tafi ni kaɗai.