Radiyya da Zuciyar Ragon Layya

Radiyya 'yar Alhaji Abdulgani ce, mai saro kaya a kasuwar Canaan ta birnin Guangzhou a China yana turawa Kantin Kwari. A Guangzhou ta girma, ita ke yi wa ubanta tafinta in ciniki ya yi tsami da 'yan China. Tana ajin ƙarshe na sakandare, kuma ba ta da zance sai bayoloji.

Ranar layya aka kawo musu rago yankakke daga wurin wani mahauci Musulmi ɗan China. Kafin a taɓa kayan ciki, Radiyya ta sure zuciyar, ta buɗe littafinta, ta tsaga ta da reza tana zura yatsa cikin jijiyoyin.

Kawunta Dogara ya daka mata tsawa. "Ke! Yaushe mace ta fara fiɗa? Mu ba mu gaji fawa ba!"

Ko kai ba ta ɗaga ba. "Kawu, shekara hamsin kana cin zuciya. Ɗaki nawa ne a cikinta?"

Ya leƙa zuciyar da ke hannunta, ita kuwa ta ci gaba.

"Huɗu ne. Kai da kake shan maganin hawan jini, ka roƙi Allah likitar da za ta duba taka ta fara koyo da ta rago."