Lamba ɗaya da na rubuta sau biyu a Jebel Ali

Ana sallame sallar asuba muka bar Kano, ni da wani abokin aikina, direba na ta mitar ramukan hanyar Kaduna. A Tafa muka tsaya muka ci doya da ƙwai, kafin la'asar muna filin jirgin Abuja. Hajiyarmu ta cusa min kilishi da yaji a jaka, ta ce Allah ya ba da sa'ar awon filin. Shekara takwas ina yi mata bayanin cewa ni safiyon jiragen ruwa ne a Legas, ita dai har yau gani take fuloti nake yankawa a kan teku.

Aikin kuwa shi ne in jirgi ya zo da kaya, shinkafa ko taki, mu ne ke auna nauyin abin da ya ɗauko. Babu sikelin da zai ɗauki jirgi, don haka lambobin da aka rubuta a jikinsa ake karantawa a ga inda ruwa ya kai. Wuri shida ake dubawa: gaba, tsakiya da baya, ta ɓangaren gaɓa da ta ɓangaren teku. Daga nan sai lissafi, sai sa hannu, kuma da wannan sa hannun mai kaya da mai jirgi da masu inshora suke dogara. To, masu inshorar sun daina karɓar sa hannun wanda ba shi da takardar shaidar ƙwarewa. Na ci jarrabawar rubutu, saura ta aiki a Dubai. In na faɗi, zan koma ina shan wahala wani yana sa hannu.

Dubai ta kashe min baki tun daga sama. Titi mai layi shida kowane hannu, babu mai yin hon, jirgin ƙasa na wucewa a kan gada babu direba. A unguwar Abu Hail muka sauka, gidan wani ɗan unguwarmu da ke aiki a asibiti, su huɗu a falat ɗaya. Shayin da suke kira karak dirhami ɗaya ne, na sha kofi uku a tsaye. Shinkafar mandi kuwa ba laifi, amma sai da yajin Hajiya ya shiga ta zama abinci.

Rana ta uku aka kai mu tashar jiragen ruwa ta Jebel Ali. Ni da nake taƙama na san tashar Apapa ta Legas, sai na koma baƙauye. Kwantenoni jere kamar unguwanni, injinan ɗaga kaya sun fi hasumiyar masallaci tsawo, suna ɗauka suna ajiyewa babu ihu babu gardama. Na tsaya ƙarƙashin wani jirgi na ɗaga kai har hular kwanon da ke kaina ta faɗi. Wallahi tsoro da mamaki ne suka kama ni tare, na yi ta tasbihi a zuciyata.

Mai jarraba ni wani dattijo ne, kuma ga mamakina ɗan kudancin Kaduna ne, Kirista, ya yi shekara da shekaru a teku kafin ya zauna a unguwar Al Qusais ta Dubai. Da ya ji daga inda nake sai ya juya harshe.

"Bakano a bakin ruwa? Ka iya iyo kuwa?"

"Baba, ko dam ɗin Tiga ban taɓa shiga ba."

"Ba matsala. Yalla, mu je."

Na ji daɗi, na ce a raina na samu na gida. Muka hau wani jirgin alkama. Kyaftin ya sa aka kawo mana kwalin turare da agogo a leda. Hannuna har ya miƙa, don a gidanmu mayar da kyauta rashin tarbiyya ne. Baba ya yi godiya, ya karɓi ruwan sanyi kawai, ya ture ledar. Na janye hannun na sosa ƙeya da shi.

Lambobi uku na ɓangaren gaɓa na karanta su ina tsaye a ƙasa. Ta gaba da ta baya ta ɓangaren teku mun gan su daga ƙaramin kwalekwale, amma igiyar ruwa ta hana mu matsawa kusa da ta tsakiya. Saura hanya ɗaya: tsanin igiya daga saman jirgi zuwa fuskar ruwa. Na leƙa, na ja da baya. Mataimakin kyaftin ya ga fuskata, ya ce min da Turanci kada in damu, shi ya sauka da safe ya karanta, ga lambar. A Legas haka muke yi kullum, ba wanda yake kallonsa laifi. Biro ya rubuta ta a littafin aikina kafin in yi tunani.

Baba ya ga abin da na rubuta. Ya juya yana kallon teku yana shan ruwansa. Juyawar nan ce ta dame ni. Na dubi littafin, na tuna layin da ke saman sa hannu a kowace takardarmu, inda ake cewa ni da kaina na gani. Sau ɗari nawa na sa hannu a ƙarƙashinsa? Na ja layi a kan lambar, na ce a sauke tsanin.

Na kama tsanin na fara sauka. Rigar ceto a jikina, igiya a ƙuguna, ƙarfen jirgin ya yi zafi kamar tukunya. Baba na sama yana cewa, "Shwaiya shwaiya, a hankali, kar ka dubi ƙasa." Duk addu'ar da na sani sai da na karanta. Da na kai, ruwa na hawa yana sauka a jikin lambobin, na jira na duba sau da yawa na ɗauki tsaka-tsakinsu. Sai ga shi daidai da abin da mutumin ya faɗa, ko santimita ɗaya babu bambanci.

Na hau ina haki, raina a ɓace. "Baba, ashe wahalar banza na sha. Lambarsa daidai ce."

Ya karɓi littafin ya daɗe yana kallon lambobin biyu, ɗaya a soke, ɗaya a ƙasanta. "Ta saman tasa ce. Ta ƙasan ce taka. Ɗana, da ka miƙo min ta saman, khalas, magana ta ƙare, ko ƙanena ne kai ba zan sa maka hannu ba." Ya ce kada in yage shafin.

Washegari ya sa hannu. Sauran kwanakin na yi yawo, na tsallaka ruwan Deira a kwalekwalen dirhami ɗaya, na saya wa Hajiya turaren wuta, na je na ɗaga kai a gindin doguwar hasumiyar nan da kowa ke ɗaukar hoto. Ta yi tsawo, amma ba ta kai min tsanin nan ba.

Na dawo gida lafiya, Hajiya ta tambaya ko an gama awon, na ce an gama. Abin da na koyo bai wuce wannan ba: ashe ba iya lissafi ake ba wa takardar shaida ba, ido ake ba wa. Na yi murna da samunta, amma kunyar takardun shekara takwas da na sa wa hannu ban gani ba ta ƙi sakina. Makon jiya na koma Apapa, jirgin farko mataimakin kyaftin ya miƙo min lambar tsakiya a 'yar takarda. Abokan aikina na dariya suna cewa Dubai ta lalata ni. Na mayar wa mutumin da takardarsa, na ce a kawo tsani.