Griet Mai Bas da Motar Douwe

Duk wanda ya taɓa cin sanyi a zangon nan na bakin teku, a kudancin Sifaniya, ya san Griet Bouma ko bai so ba. Motar kwananta ce ta ƙarshe a layin 'yan Holan, wata tsohuwar fara mai loɓa a gefe. Kafin rana ta gama fitowa za ka hango ta tana ratsa yashi da tawul a wuya, ta faɗa ruwan nan mai sanyin tsiya, ta fito tana yi wa masu kallonta tsiya don sun tsaya a cikin rigunan sanyi. Ta haura saba'in. Bas ta ja a garin Groningen na ƙasar Holan har ta yi ritaya, kuma har gobe muryar mai bas gare ta. Idan ta ce maka matsa ciki, sai ka matsa ko a fili kake tsaye.

Da safe maza kan fito a jere, kowa na jan akwatin bayin motarsa zuwa wurin zubarwa. A nan ake jin wanda ya kwana da ciwon baya da wanda 'ya'yansa suka manta da shi. Griet ce kaɗai mace a jerin. Mijinta ya daɗe da rasuwa, kuma ko yana raye ba ta da alamar mai bar wa wani aikinta. Da hantsi a sha gahawa da biskit ɗaya tak, ranar kasuwa a hau keke a sayo lemo, da yamma a ɗora miyar wake irin ta gida ko da rana na dukan ƙeya. Mota kuwa daga Nuwamba har Maris ba ta motsi. An kafa mata rumfa, an shimfiɗa tabarma, an jera tukwanen fure, an cusa katako a ƙarƙashin tayoyi don kada miya ta karkace a kwano.

Griet na da wata tambaya game da mota da take yi wa kowace mace da ta sauka a zangon: "Kin iya jan ta?" Wasu su yi dariya, wasu su ji haushi. Ita dai ta taɓa ganin an kai wata Bajamushiya filin jirgi da akwati biyu bayan mijinta ya faɗi a bakin famfo, motarsu ta zauna a wurin har ciyawa ta tsiro a ƙarƙashinta, don matar ba ta iya jan ta ba. Abin bai taɓa barin ranta ba.

Maƙwabtanta na dama su ne Douwe da matarsa Aukje. Douwe tankar madara ya ja duk tsawon ƙuruciyarsa, ƙato ne mai faɗin kafaɗa, kuma babu wanda ya isa ya taɓa masa sitiyari. Kullum cikin tsokanar juna suke da Griet. Ya ce jan bas ai aikin tsaye-tsaye ne, ta ce shi kuma fasinjansa madara ce, ba ta da bakin yin ƙorafi. A bana ne ta lura da abin da ya hana ta sukuni, ta kuma tari Aukje da shi a wurin wanki.

"Maƙwabciya, me ya samu idon mijinki?"

Aukje ta ci gaba da matse zanin gado. "Idonsa lafiya lau."

"Lafiya lau? Jiya ya gaida lemar Joop da aka naɗe, har yana tambayarta ya gwiwa."

Joop shi ne dogon siririn nan na tsakiyar layi, don haka Aukje ta kwashe da dariya. Dariyar ba ta kai ko'ina ba ta koma kuka.

"Duk hanyar zuwa ni ce idonsa, Griet. Ni ke cewa ga babbar mota a gaba, ga kwana, rage gudu. A duwatsun kan iyaka sai da na sadaƙar."

"Kin gaya wa yaranku?"

"Su karɓe motar? In aka raba shi da ita kujera zai ja gaban taga ya zauna har ya mutu. Asibiti kuma ya ce ba da shi ba."

"To a ƙarshen Maris wa zai mayar da ku gida?"

Lasisi dai Aukje tana da shi, amma rabonta da sitiyari tun autarsu na rarrafe.

"Gobe bayan abincin rana," in ji Griet. "Ki sa takalmi mai igiya, ban son silifa."

Wanda bai zauna a zango ba ba zai san girman abin da matar nan ta ɗora wa kanta ba. Kullum da rana, lokacin da maza ke can suna jifa da ƙwallayen ƙarfe, sai ta naɗe rumfa, ta kwashe furanni, ta cire wayar wuta, ta kulle kowane kabad, ta sauko daga kan katako, ta fita da gidanta ɗungurungum. Aukje ta bi ta baya da kwandon cefane kamar mai zuwa shago, su haɗu a filin da ke bayan kasuwar kifi. Da yamma kuma a dawo a sake kafa komai. Tsegumi ya tashi. Joop ya rantse saurayi ta yi a gari, ta ce masa ƙwarai kuwa, kuma ya fi shi gashi a ka.

A filin nan Aukje ta sha faɗa. Griet ba ta iya lallashi ba, ba ta kuma taɓa cewa ta iya ba.

"Madubi! Na ce madubi, ba fuskata ba! Ni ba hanya ba ce."

"Tsoro nake ji."

"Ji abinki, amma saki kulocin a hankali. Haba, ƙafa ce da ke ko guduma?"

Ranar farko motar ta mutu har Griet ta daina ƙirgawa. Sannu a hankali aka iya ribas, aka iya shataletale, aka hau babban titi har garin gaba aka dawo. Rannan da suka tsaya, Aukje ta sauko tana dariya ita kaɗai kamar yarinya, Griet ta saya mata soyayyen kifi ta ce kada dai kanta ya kumbura.

Saura abu ɗaya: fita da mota daga matsattsen wurin da ake ajiye ta a cikin zango. Griet ta zaɓi ranar da ake nuna tseren kan ƙanƙara daga gida Holan, ranar da ko gobara aka yi ɗan Holan ba zai bar gaban talabijin ba. Layin ya yi tsit, Douwe na can motar Joop. Suka naɗe komai cikin sauri, Aukje ta hau, ta tayar, ta saki kuloci sumul. Sai ji kake ƙararas! Wayar wuta na nan a jone. Motar ta finciko sandar wutar da ke ciyar da layin gaba ɗaya, ta ja ta a ƙasa, talabijin duka suka mutu ana zagayen ƙarshe.

Tabɗi! Ƙofofi suka buɗe, tsofaffi suka firfito da safa a ƙafa suna kumfar baki. Griet ta diro daga gefen fasinja tana ɗaga hannu.

"Laifina ne, ni ban zagaya motar ba. Kowa ya kwantar da hankalinsa, zan sa a gyara."

Douwe ya ratso mutane ya tsaya a gaban gilashin motar, kusa har zai iya dafa shi. Ya juya wajen da muryar Griet ta fito, ya sake juyowa.

"Mai bas, ke ga ki a ƙasa. To wane sakarai kika ba sitiyari?"

Aukje na zaune a gabansa, rana na haska fuskarta, matar da ya aura tun suna da ƙuruciya, yana kallonta bai gane ta ba. Masu faɗan talabijin duk suka sunkuyar da kai. Tausayi ya kama kowa, har Joop.

Aukje ta sauke gilashi. "Ni ce, Douwe."

Douwe ya juya ya nufi motarsu, yana tafiya a hankali, ya shiga ya rufe ƙofa.

Kwanaki bai fito jerin safe ba, Aukje ce ke jan akwatin. Griet ta ba shi lokaci, da ta ga abin ya ƙi ƙarewa ta je ta same shi a ƙarƙashin rumfa yana goge fitilar mota.

"Direban madara, tambaya ɗaya na zo yi. Ka taɓa taka wani?"

"Ko kyanwa ban taɓa takawa ba."

"To da wa kake son farawa? Da Aukje, ko da ɗan mutane a hanyar Faransa?"

"Kin tona min asiri a gaban kowa."

"Na yi, kuma raina bai so ba. Amma gara ka ji haushina kana raye."

"Fita min daga rumfa."

Ta juya za ta tafi, sai ta ji ya ce, "Tana ƙona kuloci. Tun daga nan nake jin ƙauri."

"To zo ka koya mata mana, kunnenka ai bai mutu ba."

Bai zo ba. Aka ci gaba da koyo a bainar jama'a, wasu mata biyu ma suka shigo, amma Douwe bai ƙara cewa uffan ba, kuma makullin motarsa na aljihunsa ko wanka zai shiga. Aukje ta tambaye shi wa zai ja, ya ce a bar maganar. Griet ta rame a tsaye saboda zullumi.

Ranar tafiya kowa ya fito bakin hanya don ɗaga hannu, kamar yadda ake yi wa duk mai komawa gida. Douwe ya naɗe rumfa da kansa, ya zagaya motar yana shafa kowace ƙofa, sannan ya nufi gefen direba ya buɗe ya hau. Aukje ta tsaya riƙe da jaka, fuskarta ta yi fari fat. Griet ta taka zuwa tsakiyar hanya ta tsaya a gaban motar, ta harɗe hannu. Ta riga ta yanke cewa sai dai ya bi ta kanta.

Douwe ya zauna riƙe da sitiyari. Can sai ya sunkuya, ya jawo kujerar zuwa gaba har ƙarshe daidai tsayin Aukje, ya sauko da ƙyar saboda matsi, ya riƙe ƙofar.

"Hau," ya ce wa matarsa. "A gangaren dutse ki bar ta a giya ta uku, kada ki dogara da birki." Ya ɗaga murya. "Mai bas, na san kina nan. Kauce, matata za ta wuce."

Griet ta kauce. Motar ta taso a hankali, ta zo daidai inda take. Douwe na gefen fasinja, manyan hannayensa a kan gwiwa, sun rasa abin riƙewa. Kowa na ihu yana ɗaga hannu, amma Aukje ba ta ɗaga wa kowa ba, ko Griet ba ta kalla ba. Hannunta biyu na kan sitiyari, idonta na kan hanya. Griet ta tsaya a wurin tana kuka wiwi a gaban kowa, ba ta ko share ba, har suka fita ƙofar zango suka miƙi hanyar arewa.