Hoton da Ya Ƙi Washewa

Shekara talatin da huɗu yana riƙe da sitiyari, ko akuya bai taɓa bugewa ba. A garejin kamfanin ba mai kiran sunansa na yanka, Shaho kowa ke ce masa, domin yakan karanta lambar motar da ke can gaba alhali na kusa da shi ko launinta bai gama tantancewa ba. Ya ja tirela, ya ja tanka, da ƙugu ya fara ciwo aka ba shi doguwar bas mai kai ma'aikata masana'anta, mutum sittin da safe, sittin da yamma. Mutum ne mai wuyar sha'ani, gaskiya. Ba ya tayar da mota sai ya goge gilashi da hannunsa, kuma wanda ya kuskura ya taɓa masa madubi ranar zai ji babu daɗi. Ban da tuƙi bai iya komai ba, bai ma taɓa sha'awar iyawa ba.

Auta, 'yarsa ta ƙarshe, ita ta kawo masa tsohuwar kwamfutarta bayan ta samu aiki. Ta saka masa wasan tuƙa manyan motoci, har da ɗan sitiyarin roba da ake ɗaurewa a bakin tebur. Da farko cewa ya yi shiririta ce. Ba a yi sati biyu ba, sai ga matarsa tana kiransa sau uku abinci na hucewa.

"Malam, ka yini kana tuƙi, ka dawo gida kana tuƙi. Yanzu kuma wa kake kaiwa aiki?"

"Bari in samu wurin fakin," yake cewa, da gaskensa. A cikin wasan ma sai ya kunna sigina, kuma ba ya wuce mota a kwana.

Bara ne hoton ya fara yi masa dishi-dishi. Allunan hanya na cikin wasan, waɗanda yake karantawa daga nesa, sai ya zo gab da su rubutun ke fitowa. Ya tuna Auta ta taɓa nuna masa wurin saitin hoto: jerin lambobi ne, manya a sama, ƙanana a ƙasa. In ka zaɓi ta ƙasa, rubutu yakan ƙara girma, hoton kuma ya ɗan yi kaushi. Shi kuwa da idon direba ya kalli abin. Mota in ta gaza a hawa, ai giya ake saukewa. Ya sauko lamba ɗaya, rubutu ya fito raɗau, ya ce to, kwamfutar ce ta tsufa.

Bayan wata biyu hazon ya dawo, ya sake saukowa. Ya goge allon da hoton ke fitowa a kai da tsumma mai laushi, ya sauya wayar da ke haɗa shi da kwamfutar, ya buɗe murfi ya hure ƙura. Bai faɗa wa kowa ba, domin a ganinsa abin kunya ne direba ya kai mota gareji a kan abin da hannunsa zai iya. A kwanakin nan ne kuma ya fara mita wai sababbin allunan titi ƙananan rubutu ake yi musu, wai masu babur yanzu daga ƙasa suke tsirowa. Bai taɓa ajiye wannan mita kusa da waccan ba. Ba wauta ce ta hana shi ba, tsoro ne. Ya san ranar da ido ya tafi, bas ta tafi, shi ma ya ƙare.

Wata Asabar ya je zai sake saukowa, ya tarar babu sauran lamba a ƙasa. Ransa ya ɓaci. Ya kira Auta ya ce ta zo su kai wannan tarkacen nata wurin gyara.

Shagon mai gyaran ɗan tsukuku ne a bene na biyu, wayoyi rataye ko'ina, fanka tana juyawa tana kuka. Mai gyaran dattijo ne mai ƙaramin gemu, ba ya gaggawa. Ya haɗa komai, ya kunna wasan, sai ya yi dariya.

"Yallaɓai, wa ya kai maka saiti nan? Ai dole ka ga hoto kamar an jiƙa shi. Wannan ita ce ta ƙarshe a jerin."

"Ni na kai shi. Sama ba ta aiki."

Mai gyara ya mayar da lambar can sama, daidai da allon. Auta ta ce, "Kai, Baba, dubi yadda ya yi kyau. Har ganyen bishiya ana gani."

Shaho ya kalla. Ya ga hanya, ya ga wani abu kore a gefenta da ya san allo ne, amma rubutu kam babu, sai farin dabbare.

"Bai gyaru ba," ya ce.

Mai gyara ya sauko da wani allon sabo fil daga kan kanta, ya sauya waya, ya sake kunnawa. Shaho ya ce duk ɗaya ne. Har ya fara faɗa, wai masu gyaran zamani ba abin da suka iya sai surutu. Mutumin ya daɗe yana kallonsa, sannan ya tsayar da motar wasan a gaban allon hanya.

"Yallaɓai, don Allah rufe idonka na dama da hannu. Me ka gani?"

Ya rufe. Rabin shagon ya ɓace. Fankar da yake jin kukanta babu ita, Auta da ke tsaye a gefensa babu ita, sai wani ɗan haske a tsakiya kamar ana leƙe ta ramin makulli. Ya sauke hannun a hankali.

"Wane aiki kake yi?" mai gyara ya tambaya, murya ƙasa-ƙasa.

Auta ce ta amsa, kuma kafin ta gama faɗi kuka ya ƙwace mata.

Likitan ido bai ɓoye musu komai ba. Hawan jinin ido ne, ya daɗe yana cin jijiyar a ɓoye. Na hagu ya riga ya tafi, na dama za a yi ƙoƙarin tsare abin da ya rage. Ya ce da an zo bara, da labarin ba haka yake ba. Bara. Shaho ya zauna yana lissafa watannin da ya yi yana sauke lamba yana zagin kwamfuta, baƙin ciki ya cika shi. Abin da ya fi ci masa rai ba idon ba ne. Mutum sittin ne, safe da yamma, wasu har barci suke yi a bayansa saboda sun yarda da shi.

A hanyar gida Auta ta ce, "Baba, ka ce musu hutu kake so, kafin mu ga yadda magani zai yi."

"Hutun me? Ƙarya zan fara da tsufana?"

Washegari da safe ya yi wanka, ya sa kakinsa da matarsa ta goge tana share hawaye, ya tafi gareji a ƙafa. Ma'aikata sun riga sun cika bas, wani ya leƙo ta taga yana cewa, "Shaho, yau ka makarar da mu." Ya ɗaga musu hannu ya wuce ofis, ya ajiye makulli a kan teburin manaja, ya faɗa masa komai ba ragi.

Manajan yaro ne a kansa, a gabansa aka ɗauke shi aiki. Sai "sannu, Baba" yake ta maimaitawa. Daga baya ya ciro takardar ajiye aiki, ya miƙa masa biro. Shaho ya sunkuya, ya kai takardar kusa da fuska, ya ja ta nesa, ya karkata kai.

"Ina ne wurin sa hannun?" ya ce.

Manajan ya zagayo daga bayan tebur, ya kama hannunsa, ya ɗora masa bakin biron a kan layin.